Abin da Malik Shah Bai Shirya Ba

Ɗana,

Allah ya ƙara mana haƙurin rashin mahaifinku, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Labari ya iso mini nan Jega cewa ka sa kwaɗo a ɗakin ajiya na Aliero, ka hana a taɓa albasar da ke kan rudu, ka kuma aika wa dattijon da ya riƙe wa mahaifinku littafin ciniki tun kana goye cewa ya kawo littafin da mabuɗai. An ce ƙanenka na Maiyama ya zo bai samu ganinka ba. Ban ɗauki duk abin da aka faɗa ba, don mai kai magana ba ya rasa ƙara mata gishiri. Ka kuma san ni ba ni da ko kwabo a dukiyar nan, tunda inda akwai 'ya'ya maza ɗan'uwa ba ya gado. Jinin da ya haɗa mu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da waya zan kira ka, amma maganar waya ba a komawa a sake dubanta, ni kuwa ina so ka karanta wannan a natse, ka ajiye, ka sake karantawa.

Akwai wani sarki da nake yawan tunawa in aka zo maganar gado, sunansa Malik Shah, na gidan Saljuƙawa. Kakanninsa Turkawa ne makiyaya daga tsakiyar Asiya, masu dawaki da kwari da baka. A 1040 suka karya rundunar Gaznawiyyawa a Dandanaƙan, a 1055 shugabansu Tugril ya shiga Bagadaza, halifan Abbasiyawa ya amince masa da sarautar sultan. Mahaifin Malik Shah, wato Alp Arslan, shi ne ya ci sarkin Rum da yaƙi a Manzikart a 1071, ya kama shi da rai, sannan ya sake shi ya koma gida. Shekara na zagayowa, wani kamamme da aka kawo gabansa ya zaro wuƙa ya soke shi a cikin sansaninsa, dogarai na tsaye. Malik Shah yana ɗan shekara 17 aka ce masa ga daula nan.

Mahaifin nasa dai ya yi masa shiri. Tun 1066 ya tara sarakunan yaƙi da dangi ya sa suka yi wa yaron mubaya'a a kan shi ne magaji, ya kuma bar masa wazirinsa Nizamul Mulki, mutumin Farisa daga Tus, garin da Imamu Gazali ya fito. Duk da haka gardama ta tashi daga cikin gida. Baffansa Ƙawurd, mai riƙe da Kirman, ya ce babban ɗan'uwa ya fi ƙaramin ɗa cancanta. A al'adar Turkawan wancan lokaci maganar tasa ba ta rasa madafa, domin su a wurinsu ƙasa ta dangi ce gaba ɗaya, babban dangi kuma shi ke gaba. Aka gwabza kusa da Hamadan, aka kama baffan, aka shaƙe shi da tsarkiyar baka. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Shekara 20 ya yi yana mulki daga Isfahan, a zamaninsa kuma daular ta kai iyakar faɗinta, daga Antakiya ta wajen tekun Rum har Samarƙandi, har mai Kashgar ta kan iyakar Sin ya kawo caffa. Masu tarihi suna ba da labarin cewa da rundunarsa ta haye kogin Jaihun, waziri ya biya masu jiragen fito da takardar karɓar kuɗi a baitulmalin Antakiya, garin da sai an yi watanni ana tafiya kafin a kai. Suka kai kuka wurin sarki. Waziri ya ce ya yi haka ne don na baya su san faɗin ƙasar, ya kuma sa aka saye takardun a hannunsu nan take. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi malaman tarihi sanin nauyin wannan labari, domin takarda ba ta zama kuɗi sai inda aka yarda da mai sa hannu. Mahaifinku ya sha loda mota zuwa Onica a kan kalma ɗaya, kuɗi su biyo baya, kuma suna biyowa.

Bai tsaya ga yaƙi kaɗai ba. Ya sa an haƙa rijiyoyi da matattarar ruwa a hanyar alhazai daga Iraƙi zuwa Makka, ya soke kuɗin fito da ake karɓa a hannunsu. Mutum ne mai son farauta ƙwarai, an kuma ruwaito cewa yakan ba da sadakar dinari a kan kowace dabba da ya harbe, don tsoron kada ya zama ya zubar da jini a banza. A 1079 masanan da ya tara a Isfahan, cikinsu har da Umar Hayyam, suka fitar da sabuwar kalandar rana da ake kira Jalaliyya, domin tsohon lissafin ya zame daga lokutan shuka da girbi, haraji kuwa girbi yake bi. Kalandar da Iran ke aiki da ita yau daga wannan tushe ta fito.

Amma abin da ya iso mana har nan, ta hannun wazirin ya biyo. Nizamul Mulki ya gina makarantu a manyan birane, Bagadaza da Naisabur da Isfahan da Balhu da Basra da Mausil, ya yi musu waƙafi na kadarori, yadda malami zai samu albashinsa, ɗalibi ya samu ɗaki da abinci, ba sai sun zauna jiran kyautar wani ba. Ta Bagadaza an buɗe ta a 1067 tun Alp Arslan na raye, kuma ko da yake an ruwaito Malik Shah ya taɓa ƙorafi a kan yawan kuɗin da ake kashe wa malamai, bai tsayar da aikin ba. A ta Naisabur Imamul Haramaini Juwaini ya koyar har rasuwarsa a 1085, kuma ɗan littafinsa na usulul fiƙihu, Waraƙat, har yau ana biya shi a zaurukanmu. Almajirinsa Gazali aka ba kujerar ta Bagadaza a 1091. Ihya'un nan da mahaifinku yake zuwa saurare bayan Asuba, yana zaune a gefen tabarma da carbinsa, marubucinsa a wannan makaranta ya yi suna. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da Gazali a rubuce-rubucensu. Dukiyar da aka sa a waƙafi ta yi tafiyar shekara ɗari tara ta iso zauren Aliero. Ganimar yaƙe-yaƙen kuwa, ko dirhami ɗaya ba mai nuna maka inda ya shiga.

A babban masallacin Jumu'a na Isfahan akwai ƙubbobi biyu na tubali da ke tsaye har yau. Ta kudu, wajen alƙibla, Nizamul Mulki ya gina ta wajen 1086. Ta arewa, ƙarama amma masana gini sun fi yabonta, Tajul Mulki ya gina ta a 1088. Shi kuwa Tajul Mulki abokin hamayyar waziri ne a fada, mutumin matar sarki ne, Turkan Hatun. Masallaci ɗaya, kowa ya kama kusurwarsa yana gasa da ɗan'uwansa. Fadar ta rabu biyu tun sarki yana da ƙarfinsa, abin da ya raba ta kuma shi ne wa zai gaje shi. 'Ya'yan da ya fara naɗawa magada, Dawuda da Ahmad, duka na Turkan ne, duka kuma sun riga shi rasuwa. Waziri yana son Barkiyaruƙ, babban waɗanda suka rage, ɗan Zubaida Hatun. Turkan tana son ƙaramin ɗanta Mahmud. Sarki ya yi ta jan ƙafa, bai kashe maganar yadda kowa zai shaida kamar yadda mahaifinsa ya yi masa ba. Ko arba'in bai kai ba, yana ganin akwai sauran lokaci.

Ba zan ce dattijon waziri ba shi da laifi ba. Shekara kusan 30 yana riƙe da alƙalamin daula, ya cika muƙamai da 'ya'yansa da jikokinsa da surukansa, har wasunsu suka fara taka mutanen sarki. Da wani jikansa a Marwa ya wulaƙanta wani na hannun daman sarki, Malik Shah ya fusata, ya aika masa da saƙo mai zafi yana tambayarsa ko abokin tarayyarsa ne shi a mulki, yana kuma barazanar ɗauke kurtun tawada daga gabansa, wato tuɓe shi ke nan. Wannan fa mutumin da yake kira uba ne. Tsoho ya mayar da amsa da irin zafin. Ya tuna masa wanda ya tsaya masa ranar da baffansa ya taso, ya kuma ce a gaya masa kurtun nan da kambin da ke kansa ɗaure suke da juna, in aka ɗauke ɗaya, ɗayan ba zai daɗe ba. Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne dukansu biyu suna da gaskiya, kuma dukansu ta bakin 'yan aike suka yi magana. Shekara 20 suna zama a shimfiɗa ɗaya, amma ranar da ya kamata su rufe ƙofa su biyu su faɗa wa juna, sai suka sa mutane a tsakani, alhali fadar cike take da waɗanda da rabuwar tasu za su ci abinci.

Ranar 10 ga Ramadan 485, wato Oktoba 1092, a hanyar Bagadaza kusa da Nahawand, wani saurayi cikin shigar sufaye ya matso kamar mai kawo koke, ya soki waziri da wuƙa. An danganta kisan ga mutanen Hasan Sabbah na dutsen Alamut, wasu masu tarihi kuma suna zargin da hannun fada a ciki. Sarki ya wuce Bagadaza, ya fita farauta, ya dawo da zazzaɓi, ya rasu a Nuwamba, kwana talatin da 'yan kai bayan wazirinsa, yana da shekara 37.

Turkan Hatun ta ɓoye rasuwar, ta buɗe taska ta raba wa sarakunan yaƙi dukiya, aka yi huɗuba da sunan Mahmud, yaro ɗan shekara huɗu. Bayin marigayi waziri suka ɗauke Barkiyaruƙ zuwa Rayyu suka naɗa shi, suka kama Tajul Mulki suka kashe. A 1094 Turkan ta rasu, agana ta ɗauke Mahmud. Sai baffansu Tutush ya taso daga Sham yana neman gadon, aka kashe shi kusa da Rayyu a 1095. Sai ɗan'uba, Muhammad, ya taso wa Barkiyaruƙ, suka kara har sau biyar, talakawa na ciyar da sojan kowane ɓangare, kafin su raba ƙasar a 1104. Barkiyaruƙ ya rasu jim kaɗan bayan haka yana ɗan shekara 25, rabin rayuwarsa a kan sirdi yana yaƙar danginsa. Ana cikin wannan ne mayaƙan Salibiyya suka taso daga Turai suka kewaye Antakiya a 1097. 'Ya'yan Tutush biyu, Duƙaƙ na Dimashƙa da Ridwan na Halab, uba ɗaya amma ba sa ga maciji. Duƙaƙ ya kawo ɗauki shi kaɗai aka kore shi, bayan kamar mako shida Ridwan ya kawo nasa shi kaɗai aka kore shi. Antakiya ta faɗi a 1098, garin nan da aka taɓa rubuta takardar kuɗi a kansa daga bakin Jaihun. Shekara mai biye suka shiga Ƙudus, wadda a lokacin take hannun Faɗimiyyawan Masar, 'ya'yan Malik Shah kuwa suna can suna neman kan juna.

Ina ganin girman Malik Shah, ba na kuma rage masa ladar rijiyoyinsa. Amma ya buɗe mulkinsa da jinin baffansa, daga baya ɗan'uwansa Tekish ya yi tawaye ya sa aka makantar da shi, 'ya'yansa suna tasowa suna ganin yadda ake warware gardamar gado a gidansu. Ba su ƙago komai ba, abin da suka gani suka yi. Maganar da ta fi kowace wuya a gidansa kuma ya yi ta ɗaga ta zuwa gobe, har goben ta zo ba ya nan.

Yanzu dawo gida. Irin abin nan na baffa da ɗan ɗan'uwansa ya so faruwa a ƙasarmu. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1817, Abdullahi yana Boɗinga. Kafin ya iso an yi wa Bello mubaya'a, an kuma ruwaito cewa ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ka auna wannan da kyau. Mutumin da ya ja runduna a Tafkin Kwatto a 1804, ya ci Birnin Kabi a 1805, wazirin Shehu, malamin da ya zauna a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a, wanda ko a ilimi ko a shekaru yana gaban Bello. Yana da dawaki, yana da mabiya, yana da hujjar da ta fi ta Ƙawurd ƙarfi. Ya juya kan dokinsa, ya koma Gwandu da zama. Ransa ya ɓaci, an yi shekaru tsakaninsa da Sakkwato ba daɗi, amma bai zare takobi a kan ɗan wansa ba.

Sai ga rigimar Abdussalami, wadda mu mutanen Jega ba ma iya ba da labarinta kamar ba ta shafe mu ba. Malami ne Ba'are, cikin almajiran Shehu na farko, kuma harin da Gobirawa suka kai garinsa Gimbana, nan ƙasarmu, yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Ka lura, nan ma maganar rabo ce. Ya yi tawaye a Kware, suka yi musayar wasiƙu da Bello, wanda daga baya ya tattara labarin a littafinsa Sardul Kalam. Sulhu ya ƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya rasu a Bakura a 1818 da raunin da ya samu. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Bello bai ce bari baffa ya ɗanɗana kuɗarsa ba, ya ɗauko runduna ya zo. Bayan an ci garin suka haɗu a kan dawaki. Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sarautar Sarkin Musulmi. Baffa ya bar da'awarsa, ɗa ya bar wa baffa da zuriyarsa ƙasar Gwandu, gidajen biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa har Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

An zubar da jini a Kware da Kalambaina, ba na ɓoye maka, kuma jinin Musulmi ne ta kowane ɓangare. Amma dubi abin da aka yi da ɗan Abdussalami, Buhari, kada ka haɗa shi da Buharin Tambuwal ɗan Shehu. Da ya miƙa wuya ga Gwandu, ba a shaƙe shi ba, ba a taɓa idonsa ba. Aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbi shi da mutanen ubansa, wajen farkon shekarun 1820. Garin shi ne Jega, sarautar Sarkin Kabin Jega kuma daga nan ta samo asali. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja neman goro, da masu kanwa da gishiri da dawaki da tufafi. Har yau motar da ta taso daga Sakkwato za ta Yawuri da Kwantagora ta nan take bi. A wannan kasuwa kakanku ya kafa rumfa, a nan mahaifinku ya koyi awo da lissafi kafin ya koma Aliero ya kama albasa. Da an yi wa Buhari irin hukuncin gidan Saljuƙawa, da babu kasuwar, da kuma ba ka da abin da za ka sa wa kwaɗo.

To, ga abin da nake roƙonka. Dattijon nan, kada ka sake aika masa kowa. Ka tafi gidansa da ƙafarka bayan La'asar, ka tuɓe takalmi, ka gaishe shi yadda mahaifinku yake gaishe shi. Neman ganin littafi haƙƙinka ne, haƙƙin sauran magada ne ma, kuma mutumin kirki ba ya jin haushin a duba lissafinsa in an zo masa da ladabi. Wataƙila akwai gyara, don na ji ana ƙorafin ya cusa 'ya'yansa a harkar lodi. In haka ne ku yi maganar ku biyu, ba ɗan rakiya. Amma ka sani rabin cinikin nan ba ya cikin littafi. Shi ya san dillalin da ke biya a kan lokaci da wanda sai an yi ta binsa. Shi ya san manomin da aka ba iri da taki a kan zai biya da albasa in an cire. Shi ya san wanda mahaifinku ya yafe wa bashi a asirce don kada a tozarta shi, wanda in ka aika masa da takardar neman biya ka tona abin da marigayi ya rufe. Samarin da ke zuga ka ka sallame shi, ka tambaye su wa ake bi, wa ke binku, ka ji ko za su amsa.

Sannan albasa ba ta jiran a gama fushi. Damina ta ƙarato, danshi na shiga rudu, kowane mako abin da za a tsince a zubar yana ƙaruwa, asarar kuma ta kowa ce har da marayu. Ku kira malamin da kowane ɗaki ya yarda da shi, ko ku je gaban alƙali in hakan ya fi kwantar da hankali, babu abin kunya a ciki. A fara da bashi, a fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, iyayenku mata su raba tumunin takabarsu, sauran a raba yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Kowa a kira sunansa, mace da namiji, a faɗi rabonsa gaban shaidu, a rubuta. Na san abin da kake tsoro, kuma tsoron naka yana da tushe: in aka yanka jarin gunduwa-gunduwa ba mai iya loda ko mota ɗaya, sunan gidan ya mutu a kasuwa. Amma hanyar tsare jarin ita ce kowa ya fara sanin nasa. Bayan nan sai ka ce wanda ya so ya bar rabonsa a cikin ciniki, ga sharaɗi, ga yadda za a raba riba, ga yadda za a ɗauki faɗuwa, ga watan lissafi duk shekara. Mutum yakan bar maka dukiyarsa da daɗin rai in ya tabbata tasa ce. In ka riƙe ta tun bai sani ba, ko ninka masa ka yi, ƙwace zai kira ta. Na fi jaddada maka wannan a kan 'yan'uwanka mata. Na ga gidaje da yawa a garin nan inda aka ce wa mace ana juya mata, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, ta koma ga Allah ba ta ga abin da ake juyawa ba.

Ƙanenka na Maiyama shi ya yi shekaru yana fama da fadamar, ruwa ya cinye shinkafa ya sake shukawa, kai kana makaranta. Yana ganin gonar ta zama tasa, a shari'a kuwa ta magada ce duka. Kada ka buɗe bakinka da wannan. Ka je Maiyama ka kwana, ka gaida innarsa da ke takaba a can, ka ci tuwon ɗakinta, ka zaga gonar tare da shi ya nuna maka inda ya yi gyara. In an zo rabo a yi wa gonar ƙima, a duba ko za ta faɗa a kasonsa, in ta ɗara ya cika, in ta gaza a cika masa. Kada ka ce kai ne babba, shi zai fara zuwa. Ya riga ya zo, kuma a Kalambaina ba a tsaya jiran wa zai fara ba, rige-rigen girmama juna suka yi. Kai mutumin Aliero ne, tun kana yaro kake ganin masu ɗori suna aiki: karayar da aka kawo da ɗuminta ita ke haɗewa sumul, wadda aka bari ta kama a karkace sai an sake karya ta kafin a ɗora.

Saura auta. Shekararsa huɗu, daidai da Mahmud ɗan Turkan, wanda aka yi ta yaƙi da sunansa bai san me ake ciki ba. Mahaifiyarsa yarinya ce, tsoro take ji, danginta kuma za su ɗaga murya saboda tsoron nan, kada ka ɗauke shi raini. Ita kanta Turkan, duk abin da masu tarihi suka faɗa a kanta, uwa ce da ta binne 'ya'ya biyu, tana fargabar abin da 'yan'uba za su yi wa na ukun a gidan da ta ga an makantar da ɗan'uwan sarki. Da an ba ta tabbacin da za ta iya riƙewa a hannu, wataƙila da ba ta buɗe taskar nan ba. Rabon yaron a ware shi daban, a damƙa shi ga wanda ɗakinsu ya amince da shi, a rubuta takarda biyu, ɗaya a hannun uwarsa. Ƙanwarka da ke jami'ar Aliero kada karatunta ya tsaya saboda jiran rabo, a fitar mata da kuɗin zangon nan a rubuta a kasonta. In kuma ku manya kun ga dama, bayan kowa ya karɓi nasa, ku haɗa wani abu daga aljihunku ku yi wa mahaifinku waƙafi a zauren da yake ɗaukar karatu, ko da rumfuna biyu ne a kasuwa da hayarsu za ta riƙa shiga hannun malamin da almajiransa. Amma daga naku, ban da na maraya ko kwabo.

Ranar Jumu'a mai zuwa zan shigo Aliero in Allah ya yarda, zan sauka wurin innarka. Ka sa a duba mana mota, da safiyar Asabar in raka ka Maiyama. Ka gaida mini da mai ɗakinka da yara.

Baffanka,
Jega